Idan Tari Ya Ƙi Jin Magani, A Duba Bangon Ɗaki

Na yi niyyar mu ci gaba da batun magungunan hawan jini da muka faro, amma wani abu da ya faru a kantin maganin da nake aiki a Agege ya sa na ɗage shi zuwa mako mai zuwa.

Wata baiwar Allah ce, matar wani mai sayar da shanu a Abbatuwa, ta zo wurinmu har sau huɗu cikin wata guda da 'yan kwanaki, kuma kullum buƙatarta ɗaya: maganin tarin yaronta ɗan shekara shida. Zuwan farko muka ɗauka mura ce. Na biyu ta ce a canza mata da wanda ya fi ƙarfi. Na uku ta zo da sunan wani antibayotik da maƙwabciyarta ta rubuta mata a takarda, na hana ta, ta fita ranta a ɓace, kuma na tabbata a hanya ta saye shi a wani wurin. A zuwa na huɗu sai na ja mata kujera.

"Hajiya, wane lokaci tarin nan ya fi tashi?"

"Da daddare ne, Anti, sai kuma goshin asuba. Har ƙirjinsa yakan riƙa yin fito."

"In yana makaranta fa?"

"Lafiya ƙalau yake wuni."

Ta ce da suka je Katsina Babbar Sallah, mako biyu suka yi ko sau ɗaya bai yi tari ba. Kwana uku da dawowarsu abu ya dawo sabo. Har surukarta ta fara cewa gidan da suka saya ne bai karɓe su ba, a nemi taimako. Na ce mata, Goggo fa ta kusa gano bakin zaren, gidan ne, amma ki koma ki janye wadirob ɗin ɗakin da yake kwana, ki ɗaga katifarsa, ki ɗauko min hoto.

Da magariba hoton ya shigo wayata. Daga ƙasan bango har kusan ƙugun mutum duk baƙi-baƙi ne da kore-kore, bayan wadirob ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari, ƙarƙashin katifa kuma ɗigo-ɗigo. Bayan wannan bangon banɗaki ne. A watan Janairu suka sayi gidan, da sabon fenti yana ƙyalli, kuma kuɗin da maigidan ya tara na shekaru ne ya tafi a ciki.

Abin da ke jikin bangon nan shi ne fumfuna, irin dai wadda kuke gani a kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu. Halitta ce mai rai, tana yaɗuwa ta wasu ƙwayoyin iri da ido ba ya iya gani, suna yawo a iska a ko'ina, har a gidan da ya fi kowanne tsafta. Abu biyu kawai suke jira su tsiro: danshi da abin ci. Abin cin kuwa ya cika gida, katako ne, yadi, takarda, takalmin fata, kwali, ko ƙurar da ta kwanta a kan fenti. Saboda haka danshin ne kaɗai ke hannunmu. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a busar da duk abin da ya jiƙe cikin awa 24 zuwa 48, domin in an wuce haka fumfuna na iya kamawa.

Mu da muka taso a Arewa muna da wani sakaci a nan, kuma ba laifinmu ba ne. A Kano ko Sakkwato, ko ɗaki ya sha ruwa a Agusta, zafin rana da hunturu za su busar da shi tas. Legas ba haka take ba. Ruwan da ke sauka a nan a shekara ya kai kusan ninki biyu na Kano, na Fatakwal kuma ya fi na Legas, sannan iskar kanta a jiƙe take, da damina laimarta takan wuce kashi 80 cikin 100. Sai mu zo da tsarinmu na gida: kafet daga bango zuwa bango, labule mai kauri hawa biyu, taga a rufe saboda sauro da ƙura, katifa a ƙasa, akwatunan lefe jere a jikin bango shekara da shekaru ba a motsa su ba. Duk wannan gata ne ga fumfuna.

Amma a gidan da aka saya, sau da yawa matsalar ta girmi zaman sabon mai shi. Ruwan yana da hanyarsa tun tuni, fenti ne ya rufe sawunsa. Wani lokacin daga sama yake zuwa. Irin rufin nan da ake yayi yanzu, wanda ake ɗaga bango a ɓoye kwano a ciki, kyakkyawa ne a ido, amma magudanarsa ta siminti in ta toshe da ganye da leda, ko ta tsage, ruwan cikin bango yake bi. Silin ɗin POP kuma yakan shanye ruwa ya yi shiru na watanni kafin ya nuna wani zagayen tabo ruwan ƙasa-ƙasa. Duk silin ɗin da kuka ga ya yi tabo ya kuma fara lotsawa, ku janye gado daga ƙarƙashinsa a ranar, domin yana iya rubzowa.

Wani lokacin kuma daga ƙasa yake tasowa, musamman a unguwannin da aka cike fadama aka yi gini. Magina suna shimfiɗa leda mai kauri da kankare a kan harsashi, abin da suke kira DPC da jaman fulo, don su raba bango da ruwan ƙasa. In an yi ha'inci a wurin, ko an tsallake shi gaba ɗaya don rage kuɗi, bulo zai riƙa tsotsar ruwa kamar lagwani. Alamarsa ba ta ɓuya ga wanda ya sani: fentin ƙasan bango yana kumbura yana ɓamɓarewa, wani farin gari kamar gishiri yana fitowa, kuma tabon yakan tsaya wajen mita ɗaya daga ƙasa, a jere kusan duk kewayen ɗakin. Sai na uku, wanda ya fi kowanne munafunci, wato bututun ruwan da aka binne cikin bango ko ƙarƙashin tayil yana ɗiga kaɗan-kaɗan dare da rana. Ku haɗa da tiyon na'urar sanyaya ɗaki da ke zuba a jikin gini, tankin sama da ke ambaliya duk lokacin da aka manta ba a kashe injin ba, da sokawe da aka haƙa dab da bango.

Kafin ku kira kowa, akwai gwajin da za ku iya yi da kanku. Hanci ne na farko. Ku rufe ɗaki na yini guda, ku fita waje ku sha iska, sannan ku shigo. In kun ji wari irin na tsohon buhu da ya jiƙe, to akwai fumfuna a wani wuri ko ba ku gan ta ba. Na biyu, ku yanko leda mai faɗin tafin hannu biyu, ku manna ta a bangon da kuke zargi, ku like gefunanta huɗu da salatif, ku bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru a fuskar da ke manne da bango, ruwan daga cikin bangon yake fitowa. In ta taru a fuskar da ke kallon ɗaki, iskar ɗakin ce ta cika laima, wato ƙarancin iska ne matsalar. Na uku na bututu ne: da daddare ku cika tanki, ku yi alama a inda ruwan ya tsaya, ku rufe duk famfunan gida, kowa ya haƙura da banɗakin da ke jan ruwa daga tankin har safe. In gari ya waye ruwa ya ragu, akwai inda yake zurarewa.

To me ya kawo mai harhaɗa magunguna cikin aikin birkila? Abin da nake gani a kan kanta ne ya kawo ni. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta tabbatar da cewa mazauna irin waɗannan gidajen sun fi fuskantar tari, fiton ƙirji, cututtukan hanyoyin numfashi da tashin asma. Wasu kuma atishawa ce ba ƙaƙƙautawa, toshewar hanci, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, ko ƙurajen fata. Ba kowa ne a gida zai ji a jikinsa ba, shi ya sa maigida da ke fita tun asuba sai dare yakan ce shi bai ga komai ba, alhali uwargida da yara da ke wuni a ciki su ne ke shan wahala.

Kada a ɗauka abin na tsayawa ne a atishawa. A garin Rochdale na Ingila, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa 'yan asalin Sudan ne, ya rasu a watan Disambar 2020. A Nuwambar 2022 binciken kotu ya tabbatar da cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar fumfunar gidan hayarsu ce ta jawo masa ciwon numfashin da ya yi ajalinsa, bayan iyayen sun sha kai kuka ba a gyara ba. A 2023 majalisar ƙasar ta yi dokar da ake kira da sunansa, wadda ta tilasta wa hukumomin gidajen haya na jama'a gyara irin wannan matsala cikin ƙayyadadden lokaci.

Akwai wani rukuni da na fi jin tsoro a kansu a ƙasarmu, wato waɗanda suka taɓa yin tarin fuka suka warke. Cutar takan bar ramuka a huhu, kuma wani nau'in fumfuna da ake kira Asfajilus yana iya shiga ramin ya zauna. Mutum zai dawo da tari, rama, kasala, wani lokaci har da jini a majina, kowa ya ce tarin fukar ne ya dawo, a sake ɗora shi kan magani na watanni ba tare da sauƙi ba. In kuna da irin wannan mutum a gida, kuma gwajin majina bai nuna tarin fuka ba, ku gaya wa likita yanayin ɗakin da yake kwana. Haka ma mai ɗauke da cutar HIV, mai karɓar maganin daji, wanda aka yi wa dashen ƙoda, jarirai da tsofaffi. Waɗannan ba a barinsu su kwana a ɗaki mai fumfuna, ba a kuma sa su aikin goge ta.

Yanzu ga batun magani, inda ake asarar kuɗi sosai. Antibayotik ba ya yi wa irin wannan tari komai, sai dai ya ɓata cikin yaro ya kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Maganin tari na kwalba ma ba ya buɗe hanyar numfashin da ta ƙuntata. Wanda ke da kodin kuwa tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi, duk wanda ya miƙo muku shi a ɓoye don yaro, cutar ku zai yi. Magungunan atishawa irin su loratadin da setirizin suna rage ƙaiƙayin hanci da ido, kuma sun fi Piriton dacewa da ɗan makaranta ko direba saboda ba su cika sa barci kamarsa ba. Na ɗigawa a hanci irin Otrivin kada ya wuce mako guda, in ba haka ba hancin zai saba, ya riƙa toshewa fiye da da. Abin da ya fi damuna shi ne deksametason da danginsa da ake ƙirgo wa mutane a leda. Gaskiya ne mutum zai ji sauƙi cikin kwana biyu, shi ya sa ake komawa, amma daɗewa a kansa yana kumbura fuska, ya ɗaga sukari da jini, ya raunana garkuwar jiki, wanda kuma shi ne abin da fumfunar ke so. Ba a shansa sai da umarnin likita, wanda ya daɗe a kansa kuma ba ya yanke shi rana ɗaya.

Yaron da ke fiton ƙirji da dare asibiti ya kamata ya je a duba ko asma ce. In an ba shi abin shaƙa, ku karɓa. Na san jita-jitar da ke yawo cewa wanda ya fara shaƙa ba ya dainawa. Ba gaskiya ba ce. Shuɗin nan, Ventolin da makamantansa, na buɗe ƙirji ne idan ciwo ya tashi, kuma in ana buƙatarsa fiye da sau biyu a mako, alama ce ta cewa ciwon bai kwanta ba, a koma wurin likita ya duba batun na rigakafi. In kuwa yaro ya kasa ƙarasa magana saboda numfashi, ko kuka ga fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana shigewa ciki, ko leɓensa ya canza launi, ko an shaƙa masa bai ji sauƙi ba, to ba a jiran gari ya waye.

'Yan uwana mata, ku gafarce ni, sai na taɓo turaren wuta. Ni ma ina da kaskona, kuma ban ce a daina ba. Amma Hajiyar nan sau uku take turara ɗakin yaron a rana don ta kashe warin, ta rufe ƙofa da taga don ƙamshin ya kama. Ga fumfuna, ga hayaƙi, ga ƙirjin da dama a ƙuntace yake. In ɗaki yana wari, a nemo tushen warin tukuna. Kuma ɗakin mai asma ba a turara shi yana ciki.

Wajen gyara, kuskuren da kowa ke yi shi ne farawa da fenta. Fenta shi ne na ƙarshe. A fara da tsayar da ruwan: mai gyaran famfo ya fasa inda ya kamata ya canza bututu, a share magudanar rufi a like tsagarta, a gyara kwatar da ke kwantar da ruwa a gindin gini. In daga ƙasa ruwan ke tasowa, ko akwai tsaga mai faɗi a bango, a nemi injiniya mai rajista da COREN ya duba, kada a tsaya ga shawarar lebura. Sai a kankare filastar da ta ruɓe a bar bangon ya bushe sosai, wanda da damina yakan ɗauki makonni. Wasu sukan manna tayil a ƙasan bangon su ce an gama. Ruwan yana nan, zai hau ya ɓullo ta saman tayil ɗin.

Fumfunar da faɗinta bai wuce ƙafa uku da ƙafa uku ba, wato kusan girman dardumar salla, mai lafiya zai iya goge ta da kansa. A fitar da yara, a buɗe tagogi, a sa safar hannu ta roba, tabarau da takunkumi, in da hali irin N95. Kada a kankare ta a bushe ko a share da tsintsiya, wannan watsa irinta ne cikin iska. A jiƙa, a goge da ruwan omo da buroshi, a ɗauraye, sannan in ana so a bi da ruwan bilic irin Hypo ko Jik, kofi ɗaya cikin lita huɗu na ruwa, kada a ƙara. Ina roƙonku da babbar murya, kada a haɗa bilic da Harpic ko wani abin wanke masai mai asid, ko khal, ko wani sinadarin wanki. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma a ƙaramin banɗaki rufaffe tana iya kayar da mutum. Abubuwan da ke shan ruwa kuwa, katifar soso, kafet, silin, kwali, in fumfuna ta shige su wanki ba ya fitar da ita. Na san zafin jefar da katifa a wannan tsadar, amma wadda aka shanya aka mayar za ta dawo da ku kantinmu.

Bayan gyara sai sabon tsarin zama. A bar tazarar tafin hannu tsakanin kayan ɗaki da bango, a ɗaga katifa kan gado, a buɗe tagogi masu fuskantar juna duk lokacin da rana ta fito, a daina shanya a cikin ɗakin kwana. Magungunanku ma ku raba su da banɗaki da kicin. Ƙwayar da ake jefawa a ruwa ta narke, kafso, da tsinken gwajin sukari suna saurin lalacewa a laima, asfirin kuma in ya fara warin tsami ya tashi aiki. Buhunan masara da gyaɗa da ake aiko muku daga gida, a ɗora su kan katako nesa da bango. Fumfunar hatsi tana iya fitar da gubar aflatoksin mai illa ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Game da wanda ya sayar muku, ku ɗauki hoto da bidiyo kafin a taɓa komai, ku sa wanda ya yi gyara ya rubuta abin da ya tarar, ku adana rasit. A addini dai kowa ya san ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma a kan wannan dattawan unguwa ko shugabannin kasuwa kan iya zaunar da mutane a yi sulhu. Ta fuskar kotu kuwa, abin da aka rubuta a takardar ciniki yana da nauyi ƙwarai, kuma galibi ana ɗora wa mai saye alhakin dubawa kafin ya biya, don haka a kai wa lauya takardar ya karanta kafin a fara barazanar ƙara.

Wanda bai saya ba tukuna shi ne mai sa'a. In da hali, ka je ganin gida a Yuni ko Yuli, da safe bayan an kwana ana ruwa, ba kuma a ranar da dillali ya zaɓa ba. Ka dubi katangar waje da ta maƙwabta, layin da ambaliya ta bari yana nan a jiki. Ka buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ka leƙa cikin silin da tocila. In ka ga bango ɗaya ne kaɗai ya sha sabon fenti, ka tambayi dalili. Sannan ka sayi lemo a shagon bakin layi ka ɗan zauna, mai shagon ya san gidan da ruwa ke shiga fiye da kowa.

Hajiyar tamu ta leƙo shekaranjiya. Likita ya tabbatar yaron na da asma ya ɗora shi kan magani, an mayar da shi ɗakin gaba, kuma ya yi kwana goma yana barci har safe. Mai gyaran famfo ya tarar da gwiwar bututun banɗakin a tsage, an naɗe ta da robar taya aka shafe da siminti. Bangon na nan a kankare suna jiran ya bushe, dillalin kuma har yanzu bai ɗaga wayar maigidan ba.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu koma kan magungunan hawan jini.